Yadda Ake Saita Jitar Bes Tun Daga Tsirkiya Har Amfilifaya

Yawancin jitocin bes da ake saya a gwanjo, ko ake gada daga wata tsohuwar ƙungiyar kiɗa, ba lalacewa suka yi ba, saiti ne ba su samu ba. Wata tsirkiyoyinta sun yi nisa da wuya har yatsu na tsami kafin a gama waƙa biyu. Wata tana ziza kamar zuma ta shiga tulu. Wata kuma ka daidaita ta tsaf, amma da ka gangara ƙasan wuya sai murya ta karkace. Duk wannan yana gyaruwa da 'yan kayan aiki kaɗan, muddin an bi aikin a jere: tsirkiya, sai wuya, sai tsayin tsirkiya, sai daidaiton murya, sannan fikof. Kowane mataki yana motsa wanda ke biye da shi, don haka wanda ya fara ta tsakiya zai yi aiki biyu.

Bari mu daidaita sunaye tukuna. Firet su ne siraran ƙarafan da aka jera a kan wuya, ana ƙirga su daga kai. Kunnuwa su ne abin da ake murɗawa a kai don ɗaure tsirkiya. Matashi shi ne ɗan ƙashi ko robar da tsirkiyoyi ke hawa kafin su isa kunnuwa. Jaki, kamar na garaya, shi ne ƙarfen da ke riƙe su a kan gangar jiki, kuma kowace tsirkiya tana da nata sirdin a kansa. Fikof shi ne maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya mai da shi lantarki.

Ka tanadi alanki, na milimita da na inci duka, sukurdireba mai kan giciye, kota mai ƙarfi, rular ƙarfe mai milimita, fila geji irin na bakanike, kafo (matsin da ke danne tsirkiyoyi a firet), tiyuna (na'urar da ke nuna ko murya ta daidaita) ko manhajarta a waya, fensir da tsumma mai laushi. In babu fila geji, takardar rubutu uku a haɗe suna kai kusan milimita 0.3, katin ATM ɗaya kuma kaurinsa milimita 0.76 ne. Ka riƙe waɗannan lambobin, za su yi amfani.

Mataki na farko: wace murya kake nema?

Kafin ka sayi tsirkiya, ka san mutumin da kunnenka ke bi, domin rabin muryar bes a tsirkiya take. Iri biyu ne manya. Akwai mai kaushi, wadda aka naɗe da zagayayyar waya, akwai mai santsi, wadda aka naɗe da shimfiɗaɗɗiya.

James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin faya-fayan kamfanin Motown a birnin Detroit na Amurka, Fender Precision yake riƙewa, da tsirkiya mai santsi mai kauri wadda ba ya canzawa sai ta tsinke, da soso a ƙarƙashin murfin jaki don murya ta mutu da wuri. Aston Barrett na Wailers, ƙungiyar Bob Marley, wanda ake wa laƙabi da Family Man, Fender Jazz ce a hannunsa, shi ma da mai santsi, an rage kaifi an bar zurfi. Duk mai son wannan dirin na rege da ake ji a ƙirji, nan ya kamata ya dosa. Mai kaushi kuwa kamfanin Rotosound na Ingila ne ya yaɗa ta a shekarun 1960 tare da John Entwistle, mai kaɗa bes na ƙungiyar The Who, kuma ita ce masu marin tsirkiya da babban yatsa, salon da Larry Graham ya shahara da shi, suka fi so. Saurin yatsa irin na makaɗan Kamaru, su Richard Bona da Etienne Mbappé, inda ake son kowace murya ta fito fes, shi ma mai kaushi yake so, da tsirkiya a kwance kusa da wuya.

A ganinmu, mai kiɗa a wajen biki, inda ƙura da gumi ba sa ƙarewa, ya fi cin riba da mai santsi. Ta fi tsada a ranar saye, amma datti ba ya samun ramin shiga, tana shekaru. Mai kaushi tana iya dushewa cikin wata biyu ko uku a hannun mai yawan gumi.

Kaurin da aka fi amfani da shi a bes mai tsirkiya huɗu shi ne 45 zuwa 105, kamar yadda ake rubutawa a jikin kwali. Ka duba tsawo ma. Yawancin bes inci 34 ne daga matashi zuwa sirdi, wato milimita 864, tsawon da Leo Fender ya sa wa Precision a 1951. Akwai gajeru masu inci 30, akwai masu tsirkiya biyar da yawa da ke kai 35. In ka sa doguwar tsirkiya a gajeriyar bes, ɓangaren mai kauri zai hau kan sandar kunne, kuma mai santsi takan fashe a nan.

Ga yadda ake ɗaurawa. Ka sassauta tsohuwar har ta saki sarai kafin ka yanke ta, kada ka sa kota tana ɗaure. Ka riƙa canzawa ɗaya bayan ɗaya, sai dai in za ka goge wuya. Zura sabuwar ta jaki, ja ta zuwa sandar kunnenta, ka ƙara santimita 8 zuwa 10 bayan sandar. A nan ka lanƙwasa ta sosai, sannan ka yanke ɗan gaba da lanƙwasar. Wannan lanƙwasa tana hana naɗin waje zamewa daga zuciyar tsirkiya, abin da ke sa sabuwar tsirkiya ta fito a mace tun ranar farko. Tura bakin cikin ramin da ke tsakiyar sandar, ka murɗa kunne da hannu, naɗin yana gangarowa ƙasa, zagaye biyu zuwa uku, babu wanda ya hau wani. Kada ka naɗa ta a sanda da hannunka don sauri, hakan yana murɗe ta. Kafin ta yi tauri, ka ɗan tura ƙwallon da ke ƙarshenta baya a jaki don ta warware kanta.

A bes irin ta Fender, tsirkiyar A, ta biyu daga mafi kauri, ba ta da abin danne ta a kai. In naɗinta ya yi kaɗan, ba ta zama daram a matashi, sai ta riƙa ƙara in an kaɗa ta a sake. Ka ba ta zagaye uku cikakku.

Ka daidaita su zuwa E, A, D, G, daga mafi kauri zuwa mafi siranta. Danna kowacce da babban yatsa daidai gaban sirdi da gaban matashi don ta karye a wurin da kyau, ka ɗan ja ta sama a hankali a tsakiya, ka sake daidaitawa. Yi haka har ta daina sauka.

Mataki na biyu: wuya

Nan ne mutane ke tsoro, nan ne kuma aka fi ɓarna. Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 75 zuwa 80. Abin da ke hana shi lanƙwashewa kamar baka shi ne sandar ƙarfe da aka binne a cikinsa, taras rod. Ba a son wuya ya miƙe sak. Ana son ɗan rami kaɗan a tsakiya, domin tsirkiya ta fi lilo a tsakiyarta.

Riƙe bes ɗin kamar za ka kaɗa, ba a kwance a tebur ba, don nauyin kai yana canza awo. Sa kafo a firet na 1, danna tsirkiyar E a firet na ƙarshe. Yanzu tsirkiyar ta zama miƙaƙƙiyar rula. Duba tazarar da ke tsakaninta da saman firet na 8. Awon da Fender ke bayarwa ga yawancin bes ɗinsu shi ne kusan milimita 0.3, wato takarda uku su shige da ɗan gogawa. In katin ATM ya shige, ramin ya yi yawa. In tsirkiya ta kwanta a kan firet, wuya ya miƙe da yawa ko ma ya koma baya.

Kan sandar yana can wajen matashi a yawancin bes na zamani. A tsofaffin Fender yana gindin wuya, wani lokaci sai an kwance wuyan kafin a kai gare shi. A bes ɗin kamfanin Music Man wata 'yar ƙafa ce mai ramuka a gindin wuya, ana juya ta da kowane siririn ƙarfe. In kana fuskantar kan sandar, juyawa dama tana ɗaurewa ta rage rami, hagu tana sassautawa ta ƙara shi.

Alanki ya shiga daidai, ba ya rawa. Bes ɗin da aka ƙera a Asiya galibi milimita 4 ko 5 suke ci, na Amurka na inci. Wanda ya kusa daidai amma bai kai ba shi ke cinye kan sandar, kuma in ya cinye, gyaran ya fi kuɗin bes ɗin gwanjo. Fara da ɗan juyawa hagu don ka ji ko tana motsi. In za ka ɗaure, ka sassauta tsirkiyoyi tukuna don ka rage mata kaya. Kada ka wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya, rabin rubu'i ma ya fi. Sake daidaita murya, bar ta ta huta kamar minti ashirin, sake aunawa. Wani wuyan sai ya kwana kafin ya gama motsi. In ta yi tauri ta ƙi juyawa, ko ka ji tana ƙara, ka tsaya nan. Sandar da ta karye a ciki sai an ɓare allon wuya, wato itacen da aka jera firet a kai.

Mataki na uku: tsayin tsirkiya

Cire kafo. Auna daga saman firet na 17 zuwa ƙasan tsirkiya. Mafari mai kyau shi ne milimita 2.4 a E, milimita 2 a G, A da D a tsakani. Katin ATM uku a haɗe sun kusa awon E. Kowane sirdi yana da ƙananan sukurori biyu. Ka juya su daidai da juna don sirdin ya zauna a miƙe, in ɗaya ya rataya zai riƙa kaɗawa yana ƙara wadda za ka yi ta nema a wuya ba ka samu ba. Allon wuya a ɗan gantsare yake, don haka sirdin tsakiya biyu za su ɗara na gefe tsayi.

Waɗannan lambobin mafari ne kawai. Mai nauyin hannu ya ɗaga zuwa milimita 3. Mai taɓawa a hankali yana barin amfilifaya ta yi aiki zai iya sauka ƙasa da 2. Kaɗa kowane firet a kowace tsirkiya da irin ƙarfin da kake kiɗa da shi a fili, ka saurara ta sifika. 'Yar zizar da kunne ke ji a jikin itace amma ba ta fita a sifika ba matsala ba ce.

Inda zizar take shi ke gaya maka ciwon. Daga firet na 1 zuwa na 5, wuya ya miƙe da yawa, ka sassauta sanda. Daga na 12 zuwa na ƙarshe, sirdi ya yi ƙasa, ka ɗaga. A firet ɗaya tak, na gabansa ne ya taso, sai a danna shi ko a goge. In tsirkiya a sake kawai take ziza amma da an danna ta daina, ramin matashi ya ci da yawa. Don gwada matashi, danna tsirkiya a firet na 3, ka leƙa saman na 1: ya kamata a ga haske kamar kaurin takarda ɗaya. In ya fi haka sosai, muryoyin farkon wuya za su riƙa hawa sama. Ka goga bakin fensir a ramukan, yana hana tsirkiya maƙalewa.

Wani lokaci sirdi ya sauka har ƙasa amma tsirkiya na nan a sama. In wuyan na sukuru ne, ka kwance shi, ka yanka siririn kati faɗin santimita ɗaya, ka shimfiɗa a cikin ramin ta ɓangaren da ke kusa da fikof, ka mayar. Kauri kaɗan yana yin aiki mai yawa, kada ka ninka.

Mataki na huɗu: daidaiton murya

Daidaita tsirkiya a sake da tiyuna, sannan ka danna ta a firet na 12 da ƙarfin da ka saba. Murya ɗaya ya kamata ta nuna. In ta haura, tsirkiya ta yi gajarta, ka ja sirdi baya nesa da wuya da dogon sukurun da ke bayan jaki. In ta gaza, ka matso da shi gaba. Sassauta tsirkiya kafin ka ja sirdi baya, kuma ka sake daidaita ta a sake bayan kowane juyi. Da ka gama za ka ga sirdin E ya fi kowa komawa baya, na G ya fi kowa matsowa. In wata ta ƙi daidaituwa duk inda ka kai sirdi, ko allurar tiyuna na ta yawo, tsirkiyar ce ta tsufa ko jabu ce, ko fikof ya matso da yawa.

Mataki na biyar: fikof da wayoyin ciki

Danna tsirkiya a firet na ƙarshe, auna daga saman fikof zuwa ƙasanta: kusan milimita 2.8 a ɓangaren E, milimita 2 a ɓangaren G. Sannan ka bi kunne. In E ta danne sauran, ka saukar da ɓangarenta. In ya matso da yawa, maganaɗisu yana jan tsirkiya, murya ta riƙa rawa ta mutu da wuri. In ka sassauta sukuru fikof bai taso ba, soson da ke ƙarƙashinsa ya mutu, zafi ne ke kashe shi. Sa sabon soso mai tauri.

Maɓallin ƙara da ke ƙarƙar in an juya, ƙura ce. Fesa masa maganin wanke lantarki, ka juya shi sau ashirin. Kada ka sa man keke ko man inji. In ramin jak, inda ake soka wayar amfilifaya, ya yi lako-lako, buɗe ka riƙe shi ta ciki kafin ka ɗaure notin, in ba haka ba zai juya ya tsinke wayar da aka liƙa da dalma.

Gurnani kuma iri-iri ne. Jazz Bass tana gurnani in fikof ɗaya kawai aka buɗe, ta yi shiru in an buɗe biyun daidai, haka aka ƙera ta. Gurnanin da ke raguwa in ka taɓa tsirkiya yana nuna ramin wayoyi na bukatar a shimfiɗa masa takardar tagulla ko ta alminiyum a haɗa da at, wato wayar da ke zubar da wuta ƙasa. Wanda ba ya canzawa ko ka taɓa, duba siririyar wayar da ke ƙarƙashin jaki, ta yiwu ta tsinke. Bes mai batir kuwa, mai bolt 9, tana fara cin batir da zarar an soka jak. Ka zare in ka gama. Murya mai tsatsagewa ba gaira ba dalili, batir ne ya kusa ƙarewa, ka riƙa ajiye wani a jaka.

Amfilifaya

Kada ka ƙure bes a amfilifayar jita ta yau da kullum. E ta bes tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, B ta mai tsirkiya biyar kusan 31, ƙaramar sifikar jita ba ta jure wannan tafiya, takardarta za ta yage. Don atisaye a ɗaki wat 25 zuwa 40 sun isa. Da mai ganguna a gefe, ka nemi 200 zuwa sama. A fili, kamar yadda ƙungiyoyin jita ke kiɗan biki a Agadez da Yamai, babu bango da zai maido da zurfi, don haka 300 zuwa 500 ba almubazzaranci ba ne.

Duba om, wato awon nauyin da sifika ke ɗora wa amfilifaya, da aka rubuta a bayanta. Akwatin sifika biyu masu om 8 in aka haɗa su gefe da gefe sun zama om 4. Biyu masu om 4 sun zama 2, kuma yawancin amfilifaya ba sa ɗaukar haka, za su yi zafi su ƙone. Wayar jita daban, wayar sifika daban, ko da kawunansu sun yi kama. Ta jita siririya ce a ciki, in ka sa ta tsakanin amfilifaya da sifika tana iya narkewa.

Wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce. Amfilifayar da aka kawo daga Amurka galibi 120 take ci, ka karanta bayanta kafin ka soka, in ba ta da maɓallin canzawa sai da tiransifoma mai saukar da wuta. A janareta, ka bari ya daidaita kafin ka kunna kaya, ka sa sitabilaiza, ka kashe amfilifaya kafin a kashe shi. Kada a karya ƙafar at ta fulogi don a kashe gurnani. Tsirkiyoyin da ke hannunka a haɗe suke da jikin amfilifaya, kuma in leɓenka ya taɓa makirfo ka ji cizon wuta, a dakatar da kiɗa a duba wayoyi. Wannan yana kisa.

Wajen juya maɓallai, fara da duka a tsakiya. In ba a jin ka a cikin taro, kada ka ƙara zurfi, sai ɗaki ya cika da rugugi. Ƙara na tsakiya, ka ɗan rage zurfin. In sifika tana lungu, jawo ta daga bango.

Hunturu

Itacen jita ya fi son danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram, hunturu yana saukar da shi ƙasa da kashi 20, damina ta zo ta cika shi. Saitin da ka yi a Agusta ba zai kai Janairu yadda yake ba. Ka auna wuya sau biyu a shekara, bayan hunturu ya kama da makonni biyu, da kuma bayan ruwa ya zauna. Galibi rabin rubu'in zagaye ya isa.

Ajiye bes a cikin akwatinta ko jakarta, ba a jingine da bango ba, kuma kada ta wuni a but ɗin mota. A lokacin sanyi, jiƙa soso ka matse shi sosai, sa shi a robar sabulu mai huji, ajiye a cikin akwatin inda ba zai taɓa itace ko ƙarfe ba, ka riƙa sabuntawa duk kwana uku. Allon wuya mai duhu wanda ba a shafa wa fenti ba yana son ɗigo uku ko huɗu na man allon jita sau biyu a shekara, a shafa, a bar shi minti biyar, a goge tas. Mai haske da aka rufe da banish tsumma kawai yake so. Man gyaɗa da man ja suna yin ɗoyi su kama ƙura, a bar su a kicin.

Alamar da aka fi gani ita ce bakin firet ya leƙo a gefen wuya yana karce hannu, domin itace ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba. In za a goge, a yi a tsakiyar hunturu lokacin da suka gama fitowa. Manna tef na takarda a gefen wuya ƙasa da firet da kuma kan allon, ɗauki ƙaramin fayil mai laushi, ka bi tsawon wuya a hankali har sai ka ji ya fara taɓa tef, sannan ka zagaye kowane baki da shafa biyu ko uku. Ka rufe fikof da tef kafin ka fara, don maganaɗisu yana tsince garin ƙarfen, kuma in ya shiga ba ya fita da sauƙi.